Muhawara: Shin babban netwok yana buƙatar a raba shi yanki-yanki har yanzu?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Zan faɗi matsayina kai tsaye don a samu abin kamawa. OSPF da IS-IS tsare-tsare ne da rautoci, wato na'urorin da ke tura fakitin bayanai, ke amfani da su su haɗa taswirar netwok su zaɓi hanya. Raba netwok zuwa yankuna a OSPF, ko zuwa mataki na 1 da na 2 a IS-IS, maganin ciwon da ya riga ya warke ne. Ƙa'idar nan ta kada yanki ya wuce rauta 50 ta fito ne daga littattafan tsara netwok na shekarun 1990, lokacin da memorin rauta bai wuce megabayit kaɗan ba, furosesarta kuma ba ta kai ta ƙaramar wayar hannu ta yau ba. Yanzu lissafin Dijkstra, wato SPF mai nemo hanya mafi gajarta, a kan rauta 1,000 milisakan kaɗan yake ci. Tun 2005 binciken Francois, Filsfils, Evans da Bonaventure ya nuna cewa idan layi ya yanke a babban netwok, abin da ya fi cin lokaci shi ne sabunta teburin tura fakiti, adireshi bayan adireshi, ba lissafin SPF ba. To me ya sa za mu ci gaba da yanka taswira gunduwa-gunduwa? A zuba kowa a mataki na 2 na IS-IS, ko a yanki 0 na OSPF, wato yankin tsakiya, a wuce wurin.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, a kan lissafi ba ni da ja. Amma ka auna abin da ba shi ke kayar da netwok ba. Watsa labari ne ke kayar da shi. Tunda kowace rauta a yankin tana riƙe da taswira iri ɗaya, duk canjin da ya faru sai ya isa ga kowa, a duba lambarsa, a ajiye, a amsa an karɓa, a miƙa wa maƙwabta.

Ko ba a samu canji ba, OSPF yana sabunta kowace LSA, wato saƙon da rauta ke sanar da layukanta da adireshinta, duk sakan 1,800, domin idan ta kai 3,600 ta mutu. Kundin da ke da LSA 60,000 yana nufin kusan 33 a kowane sakan suna zagaya netwok dare da rana. Wannan ba komai ba ne ga babbar rauta. Matsalar tana zuwa ne ranar da canji ya yi yawa lokaci guda. Layin jiran furosesa ya cika, fakitin Hello, mai shaida wa maƙwabci cewa rauta tana raye, ya maƙale a bayan dubban LSA, sakan 40 suka wuce maƙwabci bai ji komai ba, sai ya yanke hulɗa. Yankewar nan kuma sabbin LSA take haifarwa, waɗanda ba a amsa ba ana sake turo su duk sakan 5, wuta ta ƙara ruruwa. Saboda wannan zagayen aka rubuta takardar ƙa'idar intanet RFC 4222, wadda ta ce a fifita Hello da amsar karɓa a kan sauran fakiti.

Sannan ba babbar rautar tsakiya ce ke yanke hukunci ba. Wadda ta fi kowa rauni ce. Ƙaramar rautar da ke gindin ƙarfen sabis a ƙauye ita ma sai ta ɗauki kundin gaba ɗaya, kuma teburin da ke cikin guntun kayanta yana da iyaka.

Bakatsine:
Hajiya, LSA 60,000 a yanki ɗaya alama ce ta an zuba wa IGP, wato tsarin cikin gida irin su OSPF da IS-IS, kayan da ba nasa ba. Kafin a kai ga wuƙar yanka, akwai shara da ya kamata a yi.

Adireshin abokan ciniki da na intanet su koma BGP, tsarin musayar hanyoyi tsakanin netwok da netwok, gaba ɗaya, IGP ya ɗauki adireshin lufbak, wato adireshin rauta na kanta da ba na wani layi ba, kawai. Duk layin Ethernet da ke tsakanin rauta biyu a saita shi a matsayin layin mutum biyu, don kada a yi zaɓen DR ko DIS, wato rautar da ke wakiltar layin, kada kuma a haifi LSA nau'i na 2 ko LSP (takwarar LSA a IS-IS) ta bogi a kan kowane layi. Adireshin /31 da ke kan layukan nan a ɓoye su kamar yadda RFC 6860 ta tsara, tunda babu wanda ke buƙatar isa gare su daga nesa. Netwok mai rauta 1,000 da layi 3,000, wannan kaɗai ya sauke adireshi 3,000 daga cikin 4,000.

Maganar sabuntawa kuma ita ce dalilin da ya sa na fi karkata ga IS-IS. A can shekarun LSP ƙasa suke ƙirguwa, mai ita ne ke saka adadin. An saba da 1,200 tare da sabuntawa a 900, amma ana iya kai shi 65,535 a riƙa sabuntawa a 65,000, wato sau ɗaya a kusan awa 18. Kowace rauta kuma LSP ɗaya ko biyu take fitarwa idan an yi sharar da na faɗa. Rauta 1,000, LSP dubu da ɗoriya, kowace ba ta wuce bayit 1,492 ba. Duka kundin bai kai megabayit 2 ba. Wace rauta ce wannan zai gagara?

Ɗan Damagaram:
Ina bayan Bakatsine, amma ta wata fuska. Masu son raba yankuna suna lissafa ribar, ba sa lissafa abin da aka biya.

Ga misali. Rautocin iyaka biyu, A da B, akwai layin gigabit 100 a tsakaninsu a yanki 0. Dukansu kuma suna cikin yanki 1 ta zoben maikurowef mai gigabit 1. Fakiti ya zo wa A daga cikin yanki 1, zai je wata rauta da ke daf da B a yankin. OSPF ba zai bi babban layin ba, ko da farashinsa 30 ne na zoben kuma 500, domin dokar RFC 2328 ita ce hanyar cikin yanki tana gaban hanyar tsakanin yankuna kome tsadarta. Gyaran shi ne a buɗe wata VLAN, wato layi na biyu a cikin wayar guda, a kan babban layin a saka ta a yanki 1, ko a yi amfani da RFC 5185 mai barin layi ɗaya ya zauna a yankuna da yawa. Idan yankuna 12 ne suka rataya a kan A da B, sau 12 za ka yi wannan aikin. IS-IS ya fi sauƙi a nan, layi ɗaya yana ɗaukar mataki biyu, amma shi ma yana da nasa: rautar mataki na 1 ba ta san komai a waje ba sai ta bi rautar iyaka mafi kusa mai ɗauke da alamar ATT, wadda ke nuna tana da hanyar fita waje, ko da ɗayar ce ta fi dacewa da inda fakitin zai je. Sai ka fara zubo adireshi daga sama zuwa ƙasa da RFC 5302.

Na biyu ya fi haɗari. A da B duka suna dunƙule adireshin yankin su sanar da 10.1.0.0/16. Masu aikin titi suka yanke faiba a tsakiyar zoben, yankin ya rabu biyu. Duka biyun suna ci gaba da sanar da /16 ɗin nan, saboda kowacce tana ganin rabin adireshin. Fakitin da ya sauka a A alhali mai shi yana ɓangaren B, kwandon shara zai faɗa, kuma babu wata ƙararrawa da za ta buga a yanki 0.

Na uku, idan akwai MPLS, wato tura fakiti bisa lakabin da aka liƙa masa. LDP na asali, mai rarraba lakaban, yana son ya ga /32, wato lufbak, na rautar ƙarshe daidai a teburi kafin ya karɓi lakabinta. RFC 5283 ta sassauta wannan, amma ba kowa ke kunna ta ba, don haka a aikace sai ka ga an raba yankuna sannan an bar duk lufbak suna tsallake iyaka ba a dunƙule ba. Bayanan faɗin layi na RFC 3630 kuma a LSA nau'i na 10 suke tafiya, ba sa fita daga yankinsu, rautar da ke neman hanya mai sharaɗi, kamar mai wani faɗi, ta makance daga iyaka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Maman Ilham:
Duk abin da ka lissafa haka yake. Amma ko lufbak suna tsallakewa ba a dunƙule ba, an ci riba ɗaya babba: yankewar layi a cikin zoben ba ta tsallakewa a matsayin canjin taswira. Waje ba ya ganin LSA nau'i na 1 ta yankin, sai dai nau'i na 3 ta sauya farashi, wanda lissafinsa ɗan guntu ne. A wuraren da faiba ke yawan yankewa, wuta na ɗaukewa, ruwan damina na raunana maikurowef mai nisan tazara, wannan katanga ba ƙaramin abu ba ce. Ka saka BFD, mai saurin gano yankewar layi, a milisakan 50 sau 3 a kan irin wannan layi, ka ga sau nawa zai faɗi ya tashi a hadari ɗaya.

Injiniya Babba:
Bari in sa baki, 'ya'yana. Akwai abubuwa biyu da suka faru a bainar jama'a da ya kamata duk mai wannan muhawara ya riƙe.

Ranar 27 ga Oktoba 1980 ARPANET ta tsaya cik na awoyi. Eric Rosen ya yi bayaninta a RFC 789. Wata na'ura mai lalurar zubar da bit ta mayar da saƙo ɗaya kwafi uku, masu lamba 8, 40 da 44. Lambar bit 6 ce, a da'ira take zagayawa, don haka 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, ita kuma 8 ta fi 44. Kowace na'ura tana karɓar ɗaya ta ga ai ya fi wanda take riƙe da shi, ta watsa, haka har abada. Netwok ɗin ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na yau. Ba girma ne ya kayar da shi ba, saƙo ɗaya ne da ya isa ga kowa. OSPF da IS-IS na yau sun toshe wannan ƙofa da lamba mai bit 32 da ke tafiya a miƙe, amma ƙofofin ba su ƙare ba. Rauta biyu masu lambar shaida ɗaya har gobe suna iya yin tseren ƙara lamba, kowacce tana goge ta ɗayar. RFC 6232 ma an yi ta ne don a san wa ya goge LSP ɗin wani.

Na biyu, kamfanin Rogers a Kanada, 8 ga Yuli 2022. An cire wata matattara daga saitin rautoci a yayin gyara, adireshin BGP suka kwarara cikin OSPF, rautocin tsakiya suka cika suka faɗi. Masu amfani fiye da miliyan 12 suka rasa sabis, har da kiran gaggawa na 911. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma yanki ɗaya gari ɗaya ne.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe, da izininka. Misali na biyu bai goyi bayan raba yankuna kai tsaye ba. Abin da aka juye daga BGP yana shiga OSPF ne a matsayin LSA nau'i na 5, ita kuma ba ta san iyakar yanki ba, ko'ina take shiga har yanki 0. Yankin da ya tsira shi ne kawai wanda aka saita a matsayin rufaffe ko NSSA, waɗanda ba sa karɓar nau'i na 5. Kuma idan tsakiya ta faɗi, tsirar gefe ba ta kai fakiti ko'ina. Abin da ke kare wannan shi ne iyakar adadin adireshin da aka yarda a juye, da iyakar LSA da rauta za ta karɓa daga maƙwabta kafin ta yanke hulɗa. IS-IS yana da wata iyaka ta halitta: gutsure 256 ga kowace rauta, kowane bayit 1,492, adireshin /24 kuma bayit 8 yake ci, don haka ƙasa da 48,000 ne za su shiga daga rauta ɗaya, alhali teburin intanet ya haura 900,000. Ba kariya ba ce da za a dogara da ita, amma ta rage girman ambaliyar.

Injiniya Babba:
Ka yi daidai, na karɓi gyara. To abin da misalin ke nunawa shi ne katangar yanki ba ta kai tsayin da ake zato ba. Shi ya sa manyan kamfanonin waya da yawa suka bi hanya ta uku: ba yankuna ba, IGP daban-daban. Tsakiya tana da nata IS-IS, kowace shiyya ta tara layuka tana da nata, ba sa musayar LSP ko ɗaya. Lufbak na nesa BGP mai lakabi ne ke ɗauke da su, RFC 3107 a da, RFC 8277 yanzu, rautar iyaka tana mayar da kanta matsayin zango na gaba. BGP yana da abin da IGP ba shi da shi, wato tacewa a kowace mahaɗa, don haka rautar ƙarfen sabis ba ta karɓar komai sai lufbak na 'yan ƙofofin da take magana da su.

Kuɗinsa kuma a bayyane yake. Lakabi ya ƙaru da ɗaya a kan kowane fakiti, a duba MTU, wato iyakar girman fakiti, da zurfin lakabin da ƙananan rautoci ke iya ɗorawa. Farashin hanya ba ya tsallake iyaka sai an kunna AIGP na RFC 7311, mai sa BGP ya ɗauki farashin. Mai son hanya mai sharaɗi daga gefe zuwa gefe kuma sai ya kafa sabar lissafin hanya, ya ciyar da ita taswirar kowace shiyya ta BGP-LS, wato ɗaukar taswirar IGP a cikin BGP. Aiki ne mai son ma'aikata da suka san BGP sosai.

Auta:
Yayyena, ina da tambaya a kan cibiyar adana bayanai, domin a can na ga maganar Yaya Bakatsine ta fi samun cikas. A ɗauki ginshiƙi, wato rautocin sama, 32 da ganye, wato rautocin ƙasa, 256, kowane ganye a haɗe da kowane ginshiƙi. Rauta 288 ne kacal, amma layi 8,192. Ganye ɗaya ya fitar da LSP, ta je wa ginshiƙi 32, kowannensu ya tura wa sauran ganye 255. Kowane ganye ya karɓi kwafi har 32 na abu ɗaya, 31 aikin banza ne. Idan kuma ginshiƙi ɗaya ya mutu, ganye 256 duka sai sun fitar da sabuwar LSP: 256 sau 31 sau 256, sama da miliyan 2 ke nan, tun ba a ƙirga amsoshi ba. Ta yaya yanki ɗaya zai ɗauki wannan? Kuma raba yankuna ma ban ga inda za a ja layin ba.

Bakatsine:
Ƙanena, lissafinka daidai ne, kuma ya nuna adadin rauta ba shi ne ma'auni ba, cunkoson layuka ne. Rauta 288 a wannan tsari sun fi 2,000 da ke jere a zobba nauyi. Wannan ne ya kai Lapukhov, Premji da Mitchell ga rubuta RFC 7938 a 2016, inda suka bar IGP gaba ɗaya suka yi amfani da eBGP, wato BGP tsakanin rautoci masu lambar netwok (AS) daban, a kan kowane layi. BGP hanyar da ya zaɓa kawai yake miƙawa gaba, kuma idan ginshiƙan mataki ɗaya suka yi tarayya a lambar AS ɗaya, labari ba ya komowa ya yi ta kewaye. Amma lambobin AS na cikin gida masu bayit 2 daga 64512 zuwa 65534 ne, 1,023 kawai, sai an maimaita su ko a koma masu bayit 4. Kuma kowane layi zama ne na BGP da sai an saita.

Abin da nake so a lura shi ne masu IS-IS ba su amsa da cewa a ƙara yankuna ba. Gyara watsawar suka yi. RFC 9667 ta 2024 tana sa a zaɓi jagoran yanki, a fitar da ƙaramar taswira ta watsa labari daga cikin babbar, wadda yankewar layi ɗaya ba za ta raba ta biyu ba. Ganye zai ji labari ta layi kamar 2 maimakon 32, fakitin bayanai kuma suna ci gaba da bin duka 32. RFC 9681 ta taɓa sauri: tsohon saitin da aka gada shi ne LSP ɗaya duk milisakan 33, wato LSP 2,000 sai sun ci sakan 66 a layi ɗaya, yanzu mai karɓa yana gaya wa mai turawa abin da zai iya ɗauka.

Maman Ilham:
Malam, waɗannan biyun da ka ambata an buga su ne a matsayin gwaji, haka ma RFC 9377 da RFC 9666. Netwok mai kayan kamfani uku, wasu sun shekara 10 a kan aiki, ba zai same su a ko'ina ba. Tsohuwar hanyar toshe watsawa da hannu ta RFC 2973 tana nan tun 2000, amma kuskure ɗaya a saiti zai bar rauta da tsohuwar taswira ba tare da ta sani ba, daga nan sai fakiti ya fara kewaye.

Sannan ka duba abin da RFC 9377 da RFC 9666 suke yi. RFC 9666 tana mayar da tarin rautoci su bayyana wa na waje kamar rauta ɗaya. RFC 9377 tana barin a ratsa yankin mataki na 1 ba tare da an zuba duk layukansa a mataki na 2 ba. RIFT, tsarin da aka yi wa irin netwok mai ginshiƙi da ganye, RFC 9692 ta 2025, cikakkiyar taswira sama kawai take hawa, abin da ke saukowa ƙasa hanyar difolt ce guda ɗaya, wadda ake bi idan ba a san wata ba, sai idan wani layi ya yanke sannan a sauko da adireshin da abin ya shafa. Duk ɓoye taswira ne. Ba a daina rabawa ba, wurin ja layin da yadda ake ja ne suka sauya.

Bakatsine:
Na yarda da wannan, don haka zan taƙaita da'awata. Tsakiyar netwok da shiyyoyin tara layuka, inda rautoci suke da ƙarfi iri ɗaya, faiba ce, kowace tana da maƙwabta ƙalilan, a bar su a mataki na 2 guda ɗaya ko sun kai 1,000, domin TI-LFA, mai tanadar hanyar kaucewa kafin layi ya yanke, da hanya mai sharaɗi suna son cikakkiyar taswira. A fara da mataki na 2 kaɗai ba na 1 ba, saboda ranar da aka buƙaci rataya yanki a gefe ba sai an taɓa tsakiya ba. A kunna faffaɗan awon farashin layi na RFC 5305 tun ranar farko, tsohon bai wuce 63 a layi ba. Gefen da ke da raunanan rautoci da layuka masu faɗi-tashi shi ne za a killace. Inda har yanzu muka saɓa da Hajiya shi ne ni da BGP zan killace shi, ba da yanki ba.

Maman Ilham:
Ni kuma idan rautocin gefen ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma babu MPLS har ƙarshe, rufaffen yanki mai karɓar hanyar difolt kaɗai ya wadatar, layi biyu ne na saiti, ma'aikacin dare zai iya gano matsalarsa. Amma adadin 1,000 ɗin nan kada kowa ya ɗauke shi daga nan ya kai wurin aiki. A ɗauko rautar da ta fi rauni a cikin waɗanda za su zauna a yankin, a haɗa ta da na'urar gwaji, a cusa mata taswira ninki biyu na wadda ake hasashe nan da shekara 5. Sai a kashe rautar da ta fi kowa yawan maƙwabta, a dawo da ita, a maimaita sau 20 a jere, da jinkirin SPF irin na RFC 8405 a kunne. A duba abu uku: ko ta rasa Hello ko zaman BFD ko sau ɗaya, sakan nawa ta ɗauka kafin adireshi na ƙarshe ya shiga teburin tura fakiti, da yawan LSP da ke jiran a sake tura su a lokacin da abin ya fi tsanani. A sake gwajin tana cikin tashi daga kashewa, alamar cikar kaya, mai hana sauran rautoci bi ta cikinta, tana kunne, domin a lokacin ne take zazzage kundin gaba ɗaya daga kowane maƙwabci a tare.